Sabo ta Badun: Yadda Baƙi Suka Riƙe Unguwarsu

Galibin abin da aka rubuta na tarihin Hausawa labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da manyan birane. Unguwa ba ta cika samun marubuci ba, alhali kuwa a cikinta talaka ya ke kwana ya ke tashi, a nan a ke raɗa masa suna, a nan a ke ɗaura masa aure, a nan kuma a ke sallatar gawarsa. A cikin wannan takarda muna so mu ɗauki unguwa guda ɗaya tak, mu duba yadda mutanenta suka haɗa kai suka tafiyar da al'amuransu. Unguwar da muka zaɓa ba a ƙasar Hausa ta ke ba. Ita ce Sabo, mazaunin Hausawa a birnin Ibadan, wanda fatakenmu tun dā su ke kira Badun. Mun zaɓe ta ne don an san shekarar da aka kafa ta, sa'an nan kuma wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta a 1962 da 1963, ya ƙidaya mutanenta, ya karanta takardun En'e, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ƙididdigar da za mu kawo tasa ce, amma hukuncin da za mu yanke a kanta namu ne.

Tambayar ita ce: me ya ɗaure mutanen da ba dangin juna ba ne, wannan daga Kano, wancan daga Katsina ko Sakkwato ko Zazzau, har suka zama tsintsiya ɗaya a tsakiyar birnin Yarbawa? Amsar da a kan ba da da sauri ita ce, ai al'adarsu ce suka taho da ita daga gida. Wannan amsa ba ta gamsar da mu ba. Bahaushe a gida ba ya bukatar ya tuna shi Bahaushe ne. Bakano ne ko Bakatsine, kuma kowa da sarkinsa. Haɗin kan Sabo a Badun aka ƙera shi, bukatun Badun ne kuma suka ƙera shi.

Ita Badun sansanin yaƙi ce asalinta, ta kafu wajen 1829 sa'ad da daular Oyo ke wargajewa. Tun cikin wannan ƙarni akwai Hausawa a garin, da yawansu bayi ne, suna wanzanci da tukar igiya da kiwon dabbobin sarakunan yaƙi. Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniya da garin a 1893. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta iso a 1901, zuwa 1912 kuwa jirgi yana kai kaya har Kano. Daga nan sai Hausawa 'yan kasuwa suka riƙa malalowa kurmi. Da farko ba su da unguwa tasu, a gidajen Yarbawa su ke sauka, musamman kewayen babbar kasuwar garin, suna biyan haya. Cikin masu zuwan kuwa akwai na kirki akwai ɓata-gari, sai sata ta yawaita, aka riƙa ɗora laifin a kan Bahaushe ko wane iri ne. Manyan 'yan kasuwa suka ga sunansu yana ɓaci a kan abin da ba su aikata ba, ba su kuwa da ikon tsawata wa wanda ke ɓoye a gidan wani. Sarakunan gari da Turawa su ma suna neman wanda za su riƙe in an yi ɓarna. Bukatar ɓangarorin nan ta haɗu, sai a 1916 aka yanka fili a bayan gari aka ce Hausawa su koma can, aka sa musu sarki daga cikinsu.

Mai karatu zai tuna da Sabon Garin Kano, wanda aka kafa 'yan shekaru kaɗan kafin wannan domin mutanen kurmi. Kama ɗaya ce, sai dai a Badun manyan baƙin da kansu suna da hannu cikin neman a ware su.

To, kafin mu fahimci mulkin unguwar sai mun fahimci abin da ta ke ci, watau shanu da goro. Bari mu tsaya a kan shanu, don a nan asirin ya ke. Shanun Filani ba su daɗewa a kurmi, saboda ƙudan tsando da cutar sammore da ya ke sa musu. Falke ya koro garkensa da ƙafa ta Jebba da Ilori, ko ya loda su a jirgi, in ya iso Badun kwanakinsa ƙidayayyu ne; kowace safiya saniya tana ramewa, kuɗinta yana raguwa. Ba shi da halin ya jira ciniki, ba shi kuma da halin ya mai da su gida. Masu saye kuwa mahauta ne Yarbawa, waɗanda ba su da jarin da za su biya kuɗin sa a take, sai sun yanka sun sayar da nama tukuna. Ashe ke nan ciniki ba ya yiwuwa sai da bashi. Ga baƙo daga Arewa, bai san harshen gari ba, bai san gidan kowa ba, an ce ya miƙa dukiyarsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, ya jira 'yan makonni. Babu takarda, babu sa hannu, babu banki a tsakani, kotu ma ba a cika zuwa ba. Duk da haka Cohen ya tarar a zamaninsa a kan sayar da shanu wajen 75,000 a shekara a kasuwar Badun, kusan dukansu ta wannan hanya.

Wanda ya riƙe igiyar duka shi ne mai gida, watau fatoma. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalansa. Dillalan nan aikinsu sanin mahauta ne ɗaya-ɗaya: wane ne ke biya a kan lokaci, nawa a ke binsa yanzu, saniya nawa zai iya ɗauka ba tare da ta fi ƙarfinsa ba. In an yi ciniki, mai gida ne ke tsayawa lamuni. In mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, mai gida zai biya baƙonsa daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai riga shi isa Arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. Shi kuma mahaucin da ya ci amana, masu gida su kan haɗa baki su hana shi saniya ko ɗaya har sai ya biya. Wannan horo ba ya aiki sai in masu gidan duka bakinsu ɗaya ne. Da a ce ɗayansu zai zagaya ya sayar wa wanda aka ƙaurace wa, da tsarin duka ya rushe cikin wata guda. Mai karatu ya lura da wannan da kyau, don a kansa sauran labarin ya rataya: haɗin kai a Sabo jari ne, kamar yadda ɗaki da ma'aji su ke jari.

Sha'anin goro ya bi wannan sawu, sai dai shi daga kurmi ya ke tafiya Arewa. A dā daga Gwanja ayari ke ɗauko shi, amma a farkon ƙarni na 20 manoman Yarbawa suka shiga dasa irin goron da Hausawa ke so, har ma sunan da su ke kiransa da shi a harshensu daga kalmar Gwanja ya samo asali. Goro ba ya jure sakaci, kullum sai an buɗe huhu an tsince an sake ganye, farashinsa kuma yana hawa da sauka a kasuwannin Arewa. Saboda haka mai saye yana bukatar amintacce a kowane zango, wanda zai aiko masa da labari da gaskiya.

A 1963 mutanen Sabo sun kai 4,000 da ɗoriya, kuma masu gida wajen 30 ne ke riƙe da fiye da rabin ɗakunan unguwar. Filin da aka ba su bai faɗaɗa yadda jama'a ta ƙaru ba, ɗaki ya zama abin nema. Wanda ke da ɗakuna shi ke da baƙi, shi ke da yara, shi ke da murya. Sarkin unguwar kansa daga cikin manyan masu gidan ya ke.

Aikin sarkin kuwa ya wuce abin da mu ka saba gani ga mai unguwa a birnin Kano ko Zariya, don shi ba hakimi a bisansa wanda ya san al'adar mutanensa, ba alkalin da ke jin harshensu. Kullum a ƙofar gidansa a kan zauna da malamai da dattawa a sasanta rigimar bashi da ta aure da ta gado. Macen da ta zo ba ta da dangi a garin, in za ta yi aure shi ne waliyyinta. Baƙon da ya mutu ba a san kowa nasa ba, a nan a kan san yadda za a yi da gawarsa da kayansa. Shi ke naɗa shugabannin sana'o'i, shi ke tsayawa gaban sarakunan gari da Turawa da sunan jama'a, ta hannunsa kuma hukuma ke neman wanda ta ke nema. Har musakai ba a bar su kara zube ba. Makafi da sarkinsu, guragu da nasu, kutare da nasu, kowane rukuni da masaukinsa, baƙon makaho in ya sauka ya san inda zai kwana. A garin da hukuma ba ta tanadi kome ba domin gajiyayyu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da sadakar 'yan kasuwar unguwa a ke yinsa.

Kada a manta da mata. Matan aure suna kulle, amma su ke ciyar da unguwa. Gwauraye da baƙi sun yi yawa, kowa kuwa sai ya ci, sai matan suka riƙa dafa abinci suna ɗora wa yara talla. Ribar su kan zuba ta cikin jeren kwanukan fenti na Turai, su ƙawata ɗaki da su, su aurar da 'ya'ya da su. Riƙon 'ya'yan juna kuma ya ƙulla zumunci tsakanin gidajen da ba jini ɗaya ba. Ta haka baƙi suka yi wa kansu dangi.

Wani abin lura shi ne, sunan Bahaushe a Sabo ya fi faɗi a kan yadda ya ke a gida. Wanda ke jin Hausa sosai, Musulmi ne, yana kuma iya faɗin garinsu a Arewa, ƙofa a buɗe ta ke gare shi, ko da asalinsa Bafilace ne ko Babarbare. Bayarabe kuwa, ko ya fi kowa sallah, ba ya shiga. Auratayya tsakanin ɓangarorin biyu kaɗan ce ƙwarai. Mun riga mun ga dalili: shingen da ya kewaye unguwa shi ne ya kewaye ciniki.

Duk wannan gini yana da ginshiƙi guda wanda ba a hannun mutanen Sabo ya ke ba, watau yardar hukuma. Tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya ɗauki Hausawa ƙabila ce daban mai shugabanta, ya tilasta musu zama wuri ɗaya, ya ba sarkinsu ƙarfin da zai kori wanda ya gagare shi. Sai ga shi bayan yaƙin duniya na biyu iska ta juya. Tsarin mulki na 1951 ya kawo zaɓe, aka kafa jam'iyyar Action Group a wannan shekara, tana karawa da NCNC. A 1952 Jihar Yamma ta yi dokar ƙananan hukumomi wadda ta mai da iko hannun majalisun zaɓaɓɓu, a 1954 kuwa Adegoke Adelabu da jama'arsa suka ci zaɓen majalisar Badun. 'Yan siyasar wannan zamani ba su ga dalilin da zai sa a ware wata ƙabila da sarkinta a tsakiyar gari ba. A wurinsu wannan dabarar Turawa ce ta raba kan 'yan ƙasa. Ikon sarkin Sabo ya zama ba shi da madogara a doka. Jam'iyyu suka shigo unguwa neman ƙuri'a, saurayin da sarki ya tsawata wa yanzu yana da wata ƙofar da zai kai kuka. Yarbawa kuma sun daɗe suna neman kutsawa cikin cinikin goro da na shanu, ga shi majalisa tasu ce.

Akwai wata barazana ta biyu wadda ba ta da hayaniya. Musulunci ya yaɗu ƙwarai cikin Yarbawan Badun. Ran Juma'a Hausawa su kan shiga cikin gari su yi sallah a babban masallaci bayan limami Bayarabe, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ta fuskar addini wannan abin farin ciki ne. Ta fuskar shingen da mu ka ambata kuwa, kowace Juma'a ƙara ɓarakarsa ta ke yi.

Cikin wannan hali ne, a 1951 da 1952, galibin mazan Sabo suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya. Lokacin ya dace da bazuwar koyarwar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Sanagal, wanda ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a ƙasa mai tsarki a 1937, daga baya almajiransa suka cika Kano da garuruwan da Kanawa ke fatauci. Ɗariƙar ta sāke fasalin yini a unguwar. Kowane murīdi yana da muƙaddamin da ya ba shi wuridi, wanda ya ke jin maganarsa. Kowace rana a kan taru a masallatan unguwa a yi wazifa, ran Juma'a da yamma a yi zikiri tare. Mutumin da dā ba a san inda ya yini ba, yanzu in bai zo da'ira ba maƙwabtansa sun sani. A 1952 sai suka ɗauki matakin da ya fi kowanne nauyi, suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Juma'arsu a cikin Sabo. Shugabannin Musulmin gari suka yi fushi, suka ce an raba kan al'umma, kuma suna da hujja, don malaman Malikiyya ba su so a yawaita masallatan Juma'a a gari guda sai da larura. Kano ma da girmanta ta daɗe da masallacin Juma'a ɗaya. Amma mutanen Sabo ba su koma ba.

Abin da ya fito daga nan sabon tsari ne mai ƙafa uku. Masu gida ke ɗaukar nauyin malamai, malamai ke da zukatan jama'a, sarki kuma ba ya yanke hukunci sai da manyan malamai a gefensa. Umurnin da dā ya ke fitowa da hatimin En'e, yanzu yana fitowa da albarkar malamai, wanda ya saɓa masa kuwa ba Di'o zai fuskanta ba, maƙwabtan da ya ke sahu ɗaya da su ne sau biyar a yini.

Cohen ya fassara wannan da cewa siyasa ce ta sa rigar addini. A nan mu ke rabuwa da shi kaɗan. Gaskiya ne ɗariƙar ta yi wa unguwa aikin da hukuma ta daina yi mata. Amma a shekarun nan ɗariƙar ta bazu a Kano da Gusau da Kumasi da wurare da yawa inda ba wanda ke tsoron Bayarabe zai ƙwace masa cinikin shanu. Mutumin da ya tashi da asuba yana jan carbi ba lissafin la'ada ya ke yi ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya a ganinmu shi ne, ruwan ya zo da kansa daga inda ya fito, unguwar kuwa tana da kwarin da aka riga aka haƙa, sai ya bi ta nan. Cewa abu ya yi amfani daban ne da cewa don amfanin aka yi shi, kuma ya kamata malaman da ke koya wa ɗalibai tarihi su riƙa rarrabe musu waɗannan biyu.

Ba kuma za mu ɓoye tsadar abin ba. Unguwar da ɗakunanta ke hannun mutum 30 ba wurin da yaron gida zai ɗaga murya ba ne. Wanda ya saɓa wa mai gidansa ya rasa aiki da makwanci rana ɗaya. Sa'an nan ga sha'anin makaranta. Jihar Yamma ta soma ba da ilmin firamare kyauta a 1955, a wannan birni kuma aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya a 1948, amma 'ya'yan Sabo kaɗan ne suka shiga makarantar boko a zamanin da mu ke magana. Karatun allo da na littattafai yana da ƙarfi, ciniki kuma ba ya neman takardar shaida, sai iyaye suka ga ba su da bukata. Sakamakon shi ne, sa'ad da al'amuran gari suka koma hannun akawuna da lauyoyi da kansiloli, unguwar ba ta da nata da yawa a cikinsu. Shingen da ya tsare dukiya shi ne ya tsare yara daga ƙofar ofis.

Bayan zamanin Cohen abubuwa da yawa sun sāke. Manyan motoci suka karɓe kaya daga jirgin ƙasa, banki da wayar hannu suka rage bukatar ma'ajin mai gida, kasuwannin shanu da na kayan abinci suka tashi zuwa wasu sassan gari, kamar Bodija wadda aka buɗe a 1987. Hausawa suka bazu suka yi wasu mazaunai da wasu sarakuna, ita Sabo kuma ta yi suna da 'yan canjin kuɗi, sana'ar da ita ma kan amana ta ke tafiya. Ɗaya daga cikin mazaunan nan ita ce Shasha a arewacin gari, inda a ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Arewa. A can ne a watan Fabrairu na 2021 gardama tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ta kai ga mutuwar wani mai gyaran takalmi, kafin a ankara aka ƙone kasuwa da gidaje, aka yi asarar rayuka daga ɓangarorin biyu. Sai da gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka tafi Badun suka zauna da Gwamna Seyi Makinde na Jihar Oyo, tare da sarakunan Yarbawa da na Hausawan wurin, kāna ƙura ta lafa aka sāke buɗe kasuwar.